Gayyar da Ba a Kaɗa Ganga Ba

Ni dai tun ina ƙarami ƙirjina ba ya son a matsa masa. In ina zaune lafiya lau nake, kamar kowa. Amma in na yi gudu, ko na ɗauki kaya mai nauyi, ko na sunkuya noma da ƙarfi, sai numfashina ya fara fita da wani siririn fito, na kusa da ni duk su ji. A firamaren ƙauyenmu, can gefen Jahun, yara sun raɗa mini sunaye iri-iri, wanda ya zauna shi ne mai usur. Har yau in na ji alƙalin wasa ya busa usur sai raina ya ɗan sosu, da furfurata da komai.

Innata ce likitata ta farko. Kullum da safe sai ta dama mini zuma a ruwan ɗumi, ta dafa citta da kanumfari ta ce in shanye da zafinsa, in sanyi ya shigo ta murza mini man kaɗanya a ƙirji. Ita ce kuma ta gano gyaɗa ba ta yi da ni. In na ci ƙuli-ƙuli ko na sha kunun gyaɗa, maƙogwarona ya kama ƙaiƙayi ke nan, leɓena ya kumbura. In kuwa na haɗa da aikin ƙarfi, to ranar sai abin da Allah ya yi. Ka duba fa, a ƙasar da gyaɗa take cikin komai, daga miyar taushe har yajin tsire. A gidanmu tukunyar miyata daban ce. Inna ta ja mini kunne kada in riƙa faɗa wa mutane, ta ce in aka ji, ranar da zan nemi aure za a tuna. Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allo.

Bayan an ba mu jiha, na samu aikin akawu a Dutse, na kama ɗaki a Limawa. A nan ne wani likita ya sa abin awo a bayana, ya ce sunan ciwon asma, irin wadda aikin ƙarfi ke tayarwa. Ya ba ni wani ɗan shuɗin abin shaƙa, ya ce kada ya bar aljihuna. Na gaya masa magungunan Inna. Ya ce ba laifi, in ci gaba, kuma in guji gyaɗa kamar yadda ta ce, amma in sani ranar da ƙirjin ya rufe, zuma ba za ta buɗe shi ba, wannan ɗan abin ne zai buɗe. Na ce to. Na riƙa yawo da shi a cikin safa. In na ji alamar abin a ofis sai in shiga banɗaki in kulle, in shaƙa, in jira, in fito ina gyara wando kamar wanda ya yi wani uzuri. Wanda ya gan ni sai ya rantse wani mugun abu nake sha.

Da shari'a ta zo, shagunan maganin Musulunci suka cika gari. Ni kuwa na zama ɗan gida a ɗaya daga ciki. Habbatus sauda, man zaitun, zuma, tafarnuwa, ba abin da ban jera a tagar ɗakina ba. Na daina shan ruwan randa mai sanyi. Na daina cin soye-soyen bakin titi, don ban san man da aka sa ba. Da yamma in hau duwatsun bayan gari a hankali, ina shaƙar iska ta hanci, in na ji ƙirjin ya fara magana in tsaya. Gaskiya ba zan ci amanar waɗannan abubuwa ba, sun yi mini amfani. Na gane in na fara aiki sannu-sannu jikina ya ɗumama, ina iya daɗewa ba tare da fiton ya fito ba. Watanni suka wuce ban taɓa abin shaƙar ba. Sai kai ya fara kumbura, na ce ai na warke.

A wannan lokacin ne nake neman aure a ƙauyenmu, a unguwar gabas. Ina son yarinyar, ita ma tana sona, ba wani ɓoye-ɓoye. Ita ce autar mahaifinta, shi kuwa dattijo ne manomi wanda Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Yayyenta duk sun yi aure nesa. Kowa a garin ya san wanda ya auri autar nan shi zai riƙe gonar gero ta tsohon in ƙarfinsa ya ƙare. Da kawuna ya kai maganata, abin da tsohon ya tambaya ke nan, ko ɗan ofis zai iya. Kawuna ya buga ƙirji ya ce ai ɗan manoma ne, Dutse ba Makka ba ce, duk Asabar da Lahadi yana gida. Tsohon ya ce to, damina na zuwa.

Al'adarmu ce mai neman aure ya kira gayya, ya tara abokansa su yi wa surukin yini guda a gona. Ba wanda zai ce maka jarrabawa ce, amma daga tsofaffi har mata a bayan danga kowa kallonka yake. Ni ba baƙon gayya ba ne, na yi wa abokai da yawa, kuma ina da dabarata. Nakan kama layin da ya fi kusa da makaɗa. In gangar noma ta ɗauka, ko akuya aka yanka a gefenka ba za ka ji ba, balle ɗan fiton ƙirjina. In abin ya matsa, sai in miƙe kamar zan yi wa makaɗi kirari, in ɗaga garma sama, in sami numfashi biyu uku, in koma. Shekara da shekaru da haka nake fita kunya.

To, a wannan shekarar malaman garin da dattawa suka ce an daina kiɗa, na biki da na gona duka. Ni kaina a Dutse ina cikin masu gyaɗa kai in ana wa'azin hakan. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa wannan da gayyata ba.

Ranar Asabar ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi-sanyi. Na sha zumata da habbatus sauda, na haɗiye tafarnuwa, Inna ta ƙara mini da cittarta. Da zan fita ta miƙo mini abin shaƙar. Na ce ina zan sa shi? A gona riga ake tuɓewa a rataye a bishiya, daga ni sai singileti da gajeren wando, ga yara masu lalube a aljihun mutane. Ta ce in ba ɗan kawuna ya riƙe mini. Shi taubashina ne, sa'ana, kuma shi kaɗai a cikin samarin ya san har yanzu ciwon bai bar ni ba. Na ce wannan mai bakin? Kafin azahar duk gari ya ji. Na ce, “Inna, na fa warke.” Ta ɗaure shi a bakin zanenta, ta ce Allah ya tsare.

Sai da muka jeru a bakin gona, kowa da garmarsa, aka yi bismilla, sannan abin ya faɗo mini. Shiru. Ba ka jin komai sai ƙarar garma tana shiga jiƙaƙƙen yashi, da wani can yana salati. Ina cikin wannan sai ga tsohon da tasa garmar a kafaɗa. Ni na ɗauka zai zauna a gindin tsamiya da sauran dattawa, kamar yadda aka saba. Ina! Ya zo ya kama layin da ke jikin nawa, ya tofa yawu a hannu, ya ce, “Malam, bismilla.” Malam yake ce mini saboda na yi boko.

Da farko na yi yadda na koya. Na tafi a hankali, bakina a rufe, ina ja ta hanci. Samarin suka wuce ni, ban damu ba, na yi kamar ina girmama tsohon ne, ba na son in wuce shi. Taubashina ya waiwayo ya ce, “Ango, ko biro za a kawo maka? Garmar ta yi maka nauyi?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Har hantsi ya ɗaga ƙirjina bai ce komai ba. Na fara jin daɗi, har ina raya wa kaina yadda za a ba da labarina a cikin gida.

Aka kawo abinci, muka taru a inuwa. Ga fura, ga tuwo da miyar kuka, duk abin da ba ya cutar da ni. Na ɗauki ludayi ke nan sai ga gwaggon yarinyar, ƙanwar tsohon, wata mace mai baki kamar reza, ta doso ni da kwanon sha sabo fil, an rufe da faifai. Ta durƙusa a gabana da gangan don a yi dariya, ta ce, “Na ango daban ne. Amarya da hannunta ta dama, tun asuba take kan murhu.” Ta ɗaga faifan. Tun kafin in gani ƙamshin ya gaya mini. Kunun gyaɗa ne, fari sol, da shinkafa a ciki, har da tsamiya.

Na ce na gode, na tura wa taubashina, don an saba abokai ke cinye na ango. Shi ma ya gane, ya kai hannu da sauri zai ɗauka. Gwaggon ta buge masa hannu. Ta ce, “Kai aka dama wa? An ce in tsaya sai ya sha, in mayar da kwano a gani.” Samari suka ɗauki shewa. Na dubi wajen dattawa, suna murmushi, tsohon ya kawar da kai yana wanke hannu.

Kalma nawa ce? Gwaggo, ba na cin gyaɗa. Shi ke nan fa. Amma sai a ce me ya sa, sai in ce tana tayar mini da ciwo, sai a ce wane ciwo. A gaban gari, a gonar da ake so a ga ko zan iya riƙewa. Taubashina ya matso ya ce a hankali, “Kada ka sha, ɗan'uwa. Ka ce azumi kake.” Azumi, bayan kowa ya ga ludayin fura a hannuna. Na ce a raina ai rabona da gyaɗa tun ina yaro, ga zuma da habbatus sauda na yi wata da watanni ina ɗura wa cikina, kurɓa biyu ba za ta yi komai ba. Na kafa kai. Gwaggon ta ce ban isa ba, sai ta ga gindin kwano. Na shanye. Abin haushin ma, ban taɓa shan kunu mai daɗinsa ba.

Da aka koma, samari sun ƙoshi, rana ta yi zafi, sai aka shiga tsere, kowa na son ya riga fita ƙarshen layi. Aka fara kiran ango ya nuna kansa. Maƙogwarona ya riga ya fara ƙaiƙayi, ina jin leɓena na sama yana nauyi. Na manta da duk wata tafiya a hankali, na duƙa na kama sara kamar mahaukaci, wai in gama kafin abin ya iso. Ban yi nisa ba na ji shi, siriri, daga can ƙasan ƙirji. Na yi tari don in rufe. Na ɗaga murya zan yi salati, numfashin bai kai ni ƙarshensa ba. Na jikin layina na hagu ya ɗaga kai yana dube-dube, ya ce wai tsuntsu ne ko me. Wani ya gane, ya yi dariya ya gimtse.

Tsohon yana dab da ni, bai bar ni na wuce shi ba. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, “Malam, je ka sha inuwa.”

Na ce, “A'a Baba, ƙura ce ta shiga mini.”

Ƙura, a gonar da aka kwana ana ruwa. Muka ƙara gaba kaɗan, fiton nan ya zama kamar ana jan zarto. Ya miƙe tsaye, ya dogara da garma, ya ce, “Malam, na ce ka huta. Ni na yafe.”

Wannan “na yafe” ita ta ƙarasa ni. Na ji kamar ya tuɓe ni a kasuwa. Maimakon in tsaya sai na ƙara wuta. Ina jan iska ba ta shiga, kamar an toshe bakin tulu da tsumma. Ganyen gero ya fara yi mini duhu-duhu. Abin da na sani na gaba shi ne fuskata a cikin yashi, wani yana yayyafa mini ruwa, wani yana tofa mini addu'a a kunne, wani yana cewa a kawo hayaƙi, taubashina yana ihu kada wanda ya kawo hayaƙi kusa da ni. Ya bar ni ya zura da gudu cikin gari.

Shi ya fara isowa da abin shaƙar. Bayansa sai ga Inna. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi, ga ta a tsakiyar maza, a gonar surukai, ba takalmi, ɗankwali a hannu, tana haki. Ta tallafe kaina ta ɗora a cinyarta, taubashina ya danna mini abin a baki. Kowa ya zagaye yana kallon ɗan shuɗin abin nan da na shekara nawa ina ɓoyewa a safa. Gwaggon na tsaye da kwanonta, Inna ta dube ta ta ce, “Me kuka ba shi?” Da ta ji, sai ta ce, “Gyaɗa? Ai tun yana goye ba ya cin gyaɗa.” Sirrin da ta ce in riƙe, ita ta faɗe shi da bakinta, da ƙarfi, kuma ban ga laifinta ba.

Iska ta fara ɗan shiga, amma fuskata ta kumbura, aka ce sai asibitin Jahun. Aka ɗora ni a amalanken shanu zuwa bakin titi. Hanyar kuwa ta ƙofar gidansu yarinyar ta bi. A lokacin na dawo hayyacina sarai, ina jin komai. Ina jin muryoyin mata a bakin zaure, ina jin wata tana kuka, kuma na san ko wace ce. Na runtse ido na yi kamar a sume nake. Haka na ratsa garinmu tun daga gabas har yamma, ƙato da ni, ina kwance a kan buhu ina ƙaryar suma.

Da aka sallame ni ban koma ƙauye ba, na wuce Dutse. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban je ba. Kawuna ya aiko a ce in zo a san abin yi, na ce aiki ya yi yawa. Ina tsoron a ce an fasa, ina kuma tsoron haɗa ido da kowa.

Wata ranar Lahadi da hantsi ina wanki a tsakar gidan hayarmu, aka ce ana sallama da ni. Na fito da kumfa a hannu, sai ga tsohon, da farar rigarsa ta zuwa Juma'a da ƙurar mota a hularsa. Suruki ya tako ƙafa ya zo wajen mai neman 'yarsa, ni ban taɓa jin inda aka yi haka ba. Na zube ƙasa ina gaisuwa. Na shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, na tsuguna a bakin ƙofa. Ya tambayi jiki, na ce da sauƙi. Ya daɗe yana kallon kwalaben da ke jere a tagata.

Sannan ya ce, “Malam, na zo da kaina ne don kada a kawo maka maganata a karkace. Za a ce maka don ciwo ne. Ba don ciwo ba ne. Ciwo na Allah ne, ni ma kafaɗata ba ta barina barci. Da ka ce mini ga halin da kake ciki, da mun zauna mun san yadda za a yi da gonar, ko a ba da ita noma, ko a sa 'yan ƙwadago.”

Na ce, “Baba, a yi haƙuri. Ba za a sake ba.”

Ya girgiza kai. “Za a sake. Tun da safe nake jin ƙirjinka, kafin kai ka ji shi. Na ce ka huta, ka ƙi. Na sake cewa, ka ƙara sauri. An ba ka abin da ka san zai iya kashe ka, ka shanye don kada a yi maka dariya. In na ba ka ita, duk damina za ka zo gonar nan, duk abin da aka miƙo maka a gidana za ka karɓa, kuma ba za ka taɓa ce mini ka gaji ba. Wata rana a layin nan za mu ɗauke ka. Ita ce autata, Malam. Ba zan aurar da ita in zauna jiran ranar da za ta shiga takaba ba.”

Da zagina ya yi, da na ji sauƙi. Na ce ko za a kawo masa abinci, ya ce a'a, yana so ya sami motar Jahun kafin rana ta yi. Ya yi mini addu'a doguwa, ya ce Allah ya ba ni wadda ta fi ta. Na ce amin, don ba a ƙin cewa amin.

Na ce zan raka shi tasha. Muka fito muka bi ta cikin Limawa, yana gaba kaɗan ina biye. Tafiya yake a hankali ƙwarai, in mun zo ɗan hawa sai ya tsaya ya gyara hula, ko ya dubi wani gini kamar yana sha'awarsa. Na ce a raina tsufa ya fara kama bawan Allah. Sai da muka hango motoci na tuna mutumin nan a ƙafa yake zuwa kasuwar Jahun ya dawo, kuma samari ba sa iya jerawa da shi. Ni yake jira.